Karanta Kwantak Kafin Sauya Shi: Nazarin Gyaran Maganeto a Tsofaffin Babura

Yawancin manyan baburan Ingila na shekarun 1940 da 1950, irin su BSA da Triumph da Norton, ba su dogara da batir wajen tayar da inji ba. Maganeto ne ke ba fulogi wuta, galibi ƙirar Lucas na Birmingham ko BTH, bisa tsarin da Gottlob Honold ya ƙera wa kamfanin Bosch a 1902. A cikinsa akwai 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa, wato kwantak. Al'adar da ta zaunu a wajen masu gyara ita ce, da babur ya ƙi tashi sai a cire kwantak a sa sabo. Wannan gaggawa tana da illa, domin sau da yawa lalacewar kwantak alama ce ta ciwon da ke wani wuri, kuma wanda ya jefar da shi bai duba ba ya jefar da shaidarsa.

Aikin na'urar shi ne hujja ta farko. Sandar da aka naɗe da waya tana juyawa a tsakiyar maganaɗisu, lantarki ya taru a naɗin waya mai kauri. Da kwantak ya buɗe sai lantarkin ya yanke farat ɗaya, naɗin siririyar waya ya harba wuta mai ƙarfin dubban volt zuwa fulogi. Kwandansa ce ke shanye tartsatsin da zai tashi a bakin kwantak a wannan lokaci. Idan ta yi rauni, fuskar ƙarafan takan ƙone ta yi ramuka. A maganeton Lucas K2F na babura masu silinda biyu, da Magdyno na irin su BSA M20, kwandansar tana binne a cikin sandar mai juyawa, an yi ta da takarda mai kakin zuma, wadda shekaru da danshi ke cinyewa. Alamarta sananna ce: babur ya tashi lafiya da sanyi, in ya yi zafi aka kashe shi ya ƙi tashi sai ya huce. Wanda ya sa sabon kwantak a nan ya bar jaki yana dukan taiki, sabon ma ƙonewa zai yi. Haka nan fuska mai baƙin maiƙo tana nuna mai ne ke yoyo, tazarar da ke tsukewa kullum kuma tana nuna dunduniyar da ke gogar kam, wato tudun da ke buɗe kwantak, ce ta cinye.

Hujja ta biyu ita ce sauya kwantak yana taɓa taimin. Tazarar da Lucas ya ƙayyade ita ce inci 0.012, kusan milimita 0.3. In ta yi faɗi wuta ta zo da wuri, in ta tsuke ta makara, kuma ko ta wace fuska an kauce wa daidai gaɓar da maganaɗisu ke ba da cikakken ƙarfinsa. Shi ya sa ƙwararru ke sake auna taimin bayan kowane sauyi, su maƙala siririyar takardar sigari tsakanin ƙarafan, su juya inji a hankali har ta saki. A K2F dole a auna tazarar a tudu biyu na zoben kam, don in ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, silinda ɗaya za ta riga 'yar'uwarta samun wuta, ta yi zafi har fistin ya iya hujewa. Tsofaffin kanikawanmu da suka yi aikin Vespa da ƙananan Honda kafin zuwan na'urar wuta ta CDI marar kwantak sun san irin wannan awo.

Mai suka zai ce kwantak ba shi da tsada, sauya shi ya fi sauƙi a kan buɗe maganeto, me zai hana a fara da shi? Gaskiya ne akan samu wanda ya ƙare ƙarƙaf, ko sifirin ɗinsa ya saki, kuma irin wannan ba shi da magani sai sabo. Amma arahar kaya ba ita ce arahar aiki ba. Sabon kwantak yakan rufe ciwon kwandansa na ɗan lokaci, har ciwon ya sake tasowa a tsakiyar hanya. Ban da haka, wasu tsofaffin kwantak bakinsu na filatinam ne, gogewa kaɗan da lallausan dutsen wasa ke maido su, alhali na kasuwar yau ba kullum suke zama daidai ba. Wani kuma zai ce a cire maganeton gaba ɗaya a sa na'urar zamani irin ta Boyer Bransden. Tana aiki, sai dai ta mayar da babur bawan batir, abin da maganeto ya 'yanta shi daga gare shi.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a fara da cire wayar kashe inji, don ita kaɗai tana iya sace wuta. Sannan a duba burushin gawayi da zoben da yake gogawa, a share baƙin da ya taru, a karanta fuskar kwantak, a auna tazara. Sauyi ya zo a ƙarshe, bayan an san abin da ya kashe tsohon.