Ado Ba Yawan Zare Ba Ne

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a Dutse cikin 'yan shekarun nan ya ga abin da nake gani. Samari sun ɗau wanka, shadda sai ɗaukar ido take, amma aikin gaban riga ya taso tun daga wuya ya gangaro har gwiwa, zare kala huɗu ko biyar, wani ma har da duwatsu masu ƙyalli. In ka tambaya, sai a ce maka aikin kwamfuta ne, shi ake yayi.

Ban ƙi injin ba. Ya rage wa tela wahala, ya kuma sa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse na iya sa riga mai aiki ranar Sallah ba tare da ya ci bashi ba. Abin da ke damuna shi ne mun koma auna kwalliya da yawa da kuma tsada. Mutum zai sayi Getzner, wadda ake saƙawa a Ostiriya, ya biya kuɗi masu nauyi saboda kyan yadin, sannan ya sa a binne wannan kyan a ƙarƙashin zare.

A dubi babbar riga aska takwas irin ta iyayenmu. Maɗinki kan zauna a zaure da allura da zaren tsamiya, ya shafe watanni a kan riga ɗaya. Asaken suna jikin aljihu, linzami a wuya, tambari a mazauninsa, sauran rigar kuma a bar ta fili domin ido ya samu wurin hutawa. Sau da yawa launin zaren ba ya nesa da na yadin, sai ka matso a gaisa kafin ka gane irin aikin da aka zuba. Daga nan a kai wa masu bugu su fito mata da sheƙi. Rigar ba ta kiran kowa, amma mai ita na shigowa za a gyara zama.

Wani zai ce ai Bahaushe da son launi aka san shi, a je fadar Sarkin Dutse a Garu a ga bango. Gaskiya ne, zanen fadar cike yake da launuka. Sai dai kowane launi yana da iyakarsa, kowane zane da gurbinsa, kuma fada ce. Haka ja da koren dogari, an yi su ne don a hango shi daga nesa ranar hawa. Kowane ado da muhallinsa, daidai ruwa daidai tsaki.

A ganina, iya ado shi ne sanin abin da ya dace da jikinka da shekarunka da wurin da za ka, da sanin inda za ka tsaya. Farar riga mai tsafta da guga, hula da ta zauna daidai, turare da ba ya riga mai shi isa wuri, sun fi kaya masu hayaniya kwarjini.

Telolinmu, in mai kaya ya ce a cika aiki, ku ba shi shawara, ku ne masu ido. Samari kuma, ku nemi dattijan da har yanzu ke riƙe da allura, ku ba su ɗinki ko da na hula ɗaya ne, tun suna raye.