Yankin Suna a Klingon: Baƙon da Ke da Dangi a Kasuwar Maigatari

Marc Okrand, masanin harshe ɗan Amurka, shi ya tsara harshen Klingon don fim ɗin Star Trek na 1984, ya kuma fitar da ƙamusunsa a 1985. Burinsa harshen ya yi nesa da abin da kunnen Bature ya saba. A jimla karɓau ne ke fara zuwa, sai aikatau, mai aikin ya zo ƙarshe. Amma a yankin suna, abin da ya gina bai kai baƙon da ake zato ba, musamman ga wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Sunan Klingon yana ɗaukar ɗafa-ƙeya kashi biyar, kowanne da mazauninsa: girma ko ƙanƙanta, jam'i, tabbaci ko shakkar mai magana, mallaka ko nuni, sannan matsayin sunan a jimla. Ba a tsallake layi. Gida juH ne, gidana juHwIj, zuwa gidana juHwIjDaq. To, Babarbare ma haka yake jerawa: fato, fatonyi, fatonyiro. Kamanceceniyar ta fi ƙarfi idan sifa ta shigo. A harsunan biyu sifa tana bin suna, kuma alamar wuri takan bar sunan ta koma jikin sifar: juH tInDaq, fato kuraro, wato zuwa babban gida. Bahaushe kuwa gaba yake sa "zuwa", kuma yana da zaɓi tsakanin babban gida da gida babba, sassaucin da Klingon ba ta da shi.

Wajen jam'i Okrand ya raba masu magana, sassan jiki da sauran abubuwa. Har a mallaka rabon yana nan: mahaifina vavwI' ne, kuma liƙa wa mutum ɗafin da ake sa wa kaya raini ne. Bafillatanin da ya koro shanu daga Sule Tankarkar ko Gagarawa ya daɗe da irin wannan, domin a Fulfulde ajin mutane daban yake da na shanu: pullo, fulɓe, amma nagge, na'i. Jinsi ne babu a Klingon, alhali shi ke riƙe da mahaɗin Hausa, har muke cewa rigar sarki amma dokin sarki.

Abin da ke damuna shi ne, tun 1992 aka kafa wa wannan ƙagaggen harshe cibiyar nazari a Amurka. A nan gida kuwa, Mangawa, dangin Barebari, su ne suka kafa masarautar Gumel, amma yau Hausa ce a bakin yawancin jikokinsu. Ɗalibin harshe a Kwalejin Ilimi ta Gumel zai iya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Mangawan Nijar, ya zauna da dattawa, ya rubuta yadda suke jera ɗafa-ƙeya a jikin suna, ya kuma gwada da Barbarcin Maiduguri don a ga inda suka rabu.