Masu Tara Tsofaffin Mujallun Gem da Abin da Takarda Ta Riƙe

A watan Agustan 2024 kamfanin GameStop ya rufe mujallar Game Informer, wadda take fitowa a Amurka tun 1991. Mutuwar mujallar gem ba baƙon abu ba ce a lokacin. GamePro ta tsaya a 2011, Nintendo Power ta bi ta a Disambar 2012 bayan fitowa 285. Abin da ya tayar wa masu karatu hankali shi ne an haɗa da shafin mujallar na intanet an sauke, rubuce-rubucen shekara da shekaru suka ɓace a yini guda. Wanda ya tara kwafinsa na takarda a kwali, shi kaɗai ya wayi gari da abin nunawa. Wani kamfani ya farfaɗo da mujallar a 2025, aka mayar da tsofaffin rubuce-rubucen, amma watannin da aka yi babu su sun isa su sa a daina yi wa masu tara tsofaffin mujallu kallon marasa aikin yi.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Yaran da suka tashi da Atari 2600 ta 1977, ko Famicom ta Japan ta 1983, ko Sega Mega Drive ta 1988, yau dattawa ne masu iyali da albashi, suna iya sayen abin da a da sai dai su leƙa ta gilashin kanti. Kamfanoni sun gane haka. A 2016 Nintendo ta fito da ƙaramin samfurin tsohuwar na'urarta NES mai wasanni 30 a ciki, aka yi ta wawaso har ta yanke a kasuwa. A Ingila kuwa tun 2004 ake buga Retro Gamer, mujallar da ba ta da sana'a sai tsofaffin wasanni. Sai dai ban yarda cewa rashin jin daɗin bana ne kaɗai ke kai mutum ga kwalin tsofaffin takardu ba. A ganina mujallar ta riƙe wani abu da kaset ɗin wasan kansa bai riƙe ba, kuma wanda ya adana ta ya fi wanda ya adana kaset a kulle yi wa tarihi hidima.

Sai an tuna halin da yaro yake ciki a wancan zamani kafin a gane darajarta. Babu intanet, babu bidiyon wani yana bugawa da za ka kalla kafin ka saya. Wasa ɗaya yana cin kuɗin da za a daɗe ana tarawa, hoton da ke jikin kwalin kuma zanen hannu ne mai ƙayatarwa wanda sau da yawa bai yi kama da ɗigo-ɗigon da za su bayyana a talabijin ba. Cikar kasuwa da wasanni marasa kyau na cikin abin da ya durƙusar da harkar a Amurka a 1983, shekarar da Atari ta binne tarin kaset ɗin da suka yi kwantai a Alamogordo, cikin jihar New Mexico. A irin wannan kasuwa, mujalla ce idon mai saye. Electronic Games a Amurka da Computer and Video Games a Ingila duk sun fara a 1981. A Japan, Famitsu da ta fara a 1986 ta shahara da tsarin alƙalai huɗu, kowanne ya ba da maki cikin goma. Sai a 1998 wani wasa ya cinye 40 cif, wato The Legend of Zelda: Ocarina of Time.

Mujallun Ingila sun fi ba ni sha'awa, domin a can takarda ba labarin wasa kawai take bayarwa ba, wani lokaci ita ce wasan. Yaran Ingila na shekarun 1980 sun fi tashi da ƙananan kwamfutoci irin su ZX Spectrum da Commodore 64, waɗanda ake loda musu wasa daga kaset irin na rediyo. Mujallu kan buga umarnin wasa gaba ɗayansa, layi bayan layi, shafi biyu ko uku ko fiye. Yaro ya zauna ya kwafe shi da hannu cikin kwamfuta, harafi ɗaya ya kuskure wasan ya ƙi tashi, ya koma farko yana bin layi da yatsa. Wani lokacin ma kuskuren daga maɗaba'a yake, sai ya jira fitowa ta gaba a buga gyara. Da yawa daga waɗanda suka zama masu ƙirƙirar wasanni a ƙasar ta wannan wahala suka koyi aikin, domin wanda ya gaji da neman kuskure yakan fara fahimtar abin da kowane layi yake yi, daga nan ya fara sauya shi. Daga baya aka koma manna kaset a bangon mujalla, zamanin PlayStation kuma faifan ɗanɗano. Shi ya sa mai tarawa ke ɗaga darajar kwafin da kaset ɗinsa ke manne har yau.

A garin Ludlow aka buga Crash daga 1984 da Zzap!64 daga 1985, Oliver Frey yana zana musu bango. Masu sharhinsu samari ne da ba su girmi masu karatu da yawa ba. Zzap!64 kan sa zanen fuskar mai sharhi kusa da ra'ayinsa, fuskar tana murna ko tana yatsina gwargwadon wasan. Mai karatu ya san wane ne mai tsanani, wane ne ra'ayinsu ke zuwa ɗaya, ya rubuta wasiƙa ya yi gardama, a buga, a ba shi amsa. Shafin wasiƙun nan, wanda a lokacin ake ɗauka cikon fili, yau yana cikin wurare ƙalilan da za a ji muryar yaran da kansu.

Sannan ga sirri. Wasannin wancan zamani suna da wuya, kuma ba sa yi wa kowa bayani. Ma'aikatan mujalla kan ɗauki hoton talabijin ɗaki bayan ɗaki, su jera su haɗa taswirar mataki guda. Ta shafukan sirri lambar Konami ta zaga duniya, wadda ke ba ɗan wasa rai 30 a Contra, haka ma haruffan da ke buɗe jini a Mortal Kombat na na'urar Sega. Inda sirri ke da daraja kuwa, jita-jita ba ta rasa kasuwa. A fitowar Afrilun 1992, Electronic Gaming Monthly ta shirya zolaya cewa akwai ɓoyayyen gwani mai suna Sheng Long a Street Fighter II, wanda ba a kaiwa gare shi sai an cika sharuɗɗan da suka kusa gagarar ɗan Adam. Wasu mujallu a wasu ƙasashe suka kwafa a matsayin gaskiya, yara suka yi ta zuba kuɗi a injin wasa suna nema. Ana danganta gwanaye Akuma da Gouken, waɗanda Capcom mai wasan ta ƙirƙira daga baya, da wannan labari. Ka bincika kaset ɗin Street Fighter II ciki da bai, ba za ka sami wannan ɓoyayyen gwani ba. A takarda kawai yake.

Yau duk mai wayar hannu zai iya sauke manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura ya buga Super Mario Bros. na 1985. Mutane da yawa sun gwada, bayan ɗan lokaci suka ajiye, suna mamakin ina daɗin ya tafi. Wasan bai canza ba. Abin da babu shi ne jiran wata guda kafin sabuwar fitowa, da kallon hoto ɗaya na wasan da bai iso ba har a haddace shi, da musun filin makaranta tsakanin 'yan Sega da 'yan Nintendo. Mai kewar wancan zamani yana zaton wasan yake nema, alhali rabin abin da yake nema yana kewaye da wasan ne.

Wani amfanin mujallar ya saɓa wa son ran mai kewa, kuma shi na fi girmamawa. Zuciya tana tace abin da ta tuna. Ta riƙe Mario da Sonic da Zelda, ta zubar da sauran, sai mutum ya rantse cewa wasannin wancan zamani duk masu kyau ne. Buɗe kowace fitowa ta 1991 ka ga tarin wasannin da aka yi a gaggauce don cin albarkacin wani fim, ka ga masu karatu suna kukan tsada, ka ga tallan wasannin da aka yi alkawari ba su taɓa fitowa ba, waɗanda wasunsu hoton da mujalla ta buga ne kaɗai shaidar an taɓa fara su. Ita ma takardar ba a karanta ta da ido rufe. Nintendo Power ta kamfanin Nintendo ce, aikinta na farko sayar da kayan gidan. Masu zaman kansu ma da tallan kamfanonin da suke yi wa alƙalanci suke rayuwa. Yawancin tallace-tallacen kuma da yara maza suke magana, kamar babu 'yan matan da ke riƙe da abin bugawa, alhali akwai su. Wannan son kai ma shaida ce ga mai nazari, domin yana nuna wa aka ɗauka a matsayin ɗan wasa, wa aka bari a waje.

Inda al'adar tarawa ta karkace shi ne wajen gwanjo. A Yulin 2021 an sayar da kwafin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56, wata guda bayan haka wani Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. Super Mario 64 ba wasa ne mai wuyar samu ba, an sayar da miliyoyinsa. Ledar da ba a yage ba da makin da kamfanin tantancewa ya manna aka saya. An yi zargin cewa da gangan aka hura farashin, magana ta kai kotu, kasuwar kuma ta sauko daga baya. Yanzu har mujallu ana ba su maki a rufe cikin roba mai tauri. Kaset a kulle aƙalla akwai dubban irinsa da ake bugawa. Mujallar da ba za a buɗe ba kuwa an kashe ta, bango kawai aka bari.

Akwai masu tarawa na wani irin hali, kuma su nake ganin sun cancanci yabo. Masu aikin sa kai irin na Retromags sun shafe shekaru suna ɗaukar hoton mujallu shafi-shafi. Don hoton ya fito sosai, sau da yawa sai an kwance ɗinkin mujallar an raba shafukan, wato mutum ya sadaukar da kwafin da ya saya da kuɗinsa domin wanda bai sani ba ya karanta. Gidauniyar Video Game History Foundation, wadda Frank Cifaldi ya kafa, ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa a lokacin. A Janairun 2025 ta buɗe ɗakin karatu a intanet mai mujallu fiye da 1,500 da aka daina bugawa, waɗanda ake iya binciken kalma a cikinsu. Doka ba koyaushe take taimakonsu ba. A 2016 an sauke tarin Nintendo Power da aka ɗora a Internet Archive, a Oktoban 2024 kuma ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi ba ɗakunan karatu izinin barin masu bincike su buga tsofaffin wasanni daga nesa. Haƙƙin mai abu gaskiya ne, amma kamfanin da ba ya sayar da abu, ba ya adana shi inda za a gani, kuma ya hana wani adanawa, ya yi wa nasa tarihin illa.

Mu ma wannan zamani bai tsallake mu ba, sai dai ya zo mana ta wata ƙofa. Na'urorin kwaikwayon Famicom ne suka fi shiga gidaje, da kaset masu ruwan ɗorawa da ke iƙirarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. A gidajen gem na Kano da Kaduna da Zariya da Jos an yi zamanin Mortal Kombat a Sega, aka zo zamanin ƙwallon Winning Eleven a PlayStation, rubutunsa da sharhinsa da Japananci, yara suka haddace inda za su danna ba tare da sun karanta harafi ɗaya ba. Wanda aka ci ya miƙa wa na gaba, in an ɗauke wuta kowa ya yi jugum. Sirrin kisa a Mortal Kombat daga baki zuwa baki ya yawata, ko a bayan littafin makaranta. Mai son rubuta tarihin finafinan Hausa yana da mujallar Fim da ta fara a 1999 da zai koma gare ta. Mai son rubuta tarihin gidan gem ba shi da makamanciyarta.

Waɗanda suka buɗe gidajen nan da waɗanda suka yi wuni a cikinsu suna nan da ransu, sun san nawa ake biya, daga wace kasuwa ake sayo kaset, wa ke gyara na'ura in ta lalace, da irin faɗan da iyaye da malamai suka yi a kan abin. Ɗaliban da ke neman batun bincike a jami'o'inmu su je su yi hira da su, su naɗa, su rubuta. Wanda kuma yake da tsohon kaset, ko hoton shagon unguwarsu, ko littafin da ya rubuta sirrin wasa a bayansa, ya ɗauki hotonsa da waya, ya rubuta gari da shekara a ƙasa kafin ya ajiye.