Nazari a Kan Amfani da Na'urorin Zamani a Ilimin Manya da Horar da Malaman Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da Nijeriya ta fitar da manufarta ta ƙasa a kan fasahar sadarwa, wayar salula kuma ta shigo, da wuya a yi taron ilimi ba a ambaci kwamfuta ba. Bayan fiye da shekara ashirin, lokaci ya yi da za mu tsaya mu auna abin da aka samu. Matsayinmu a wannan takarda shi ne, ma'aunin da aka saba amfani da shi ya karkace. Ana ƙirga na'urorin da aka raba da yawan waɗanda suka halarci bita, ba a tambayar ko dattijon da ya shiga aji ya iya karanta wasiƙa, ko malamin da aka horar ya gyara koyarwarsa.

2.0 Waiwaye

Amfani da na'ura wajen ilimantar da manya ba baƙon abu ba ne. A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, motar majigi tana zagaya ƙauyuka, amma aikinta jawo hankalin jama'a ne kawai. Abin da ya ɗauki nauyin karatun shi ne malamin aji da ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta yi ta bugawa a Zariya daga 1954 zuwa 1959, cikin Hausa da wasu harsuna, a kan farashin da talaka zai iya saye. Wanda ya koyi baƙi da wasali yana samun abin da zai ci gaba da karantawa, don haka karatun bai zube ba.

An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin samar da malaman shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, ta kuma dogara ga koyarwa daga nesa. Jihar Kano ta kafa hukumarta ta ilimin manya a 1980, Gwamnatin Tarayya ta kafa tata a 1990. Duk waɗannan hukumomi sun gwada na'urori iri-iri, daga kaset zuwa intanet.

3.0 Rediyo

A cikin duk abin da aka gwada, rediyo ne ya fi dacewa da halin da masu koyo suke ciki. Yana da arha, batir ya ishe shi, yana shiga gidan matan kulle da rugar makiyayi, kuma da harshen mai sauraro yake magana. Shirin koyar da karatu ta rediyo da aka fara a shekarun 2000, bisa dabarar da aka aro daga ƙasar Kyuba, ya fahimci wani muhimmin abu: an haɗa darasin da littafin koyo da kuma jagora mai ganawa da ɗalibai lokaci-lokaci.

Sai dai rediyo yana da iyaka. Ba ya ganin hannun mai koyo, balle ya gyara masa riƙon fensir. Ba ya jin inda ya yi tuntuɓe a karatu. Duk inda alawus ɗin jagora ya tsaya, ko littafi bai iso ba, shirin yakan koma sauraren nishaɗi. Rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona ya ƙara fito da wannan fili, domin jihohi da dama sun watsa darussa ta rediyo da talabijin, amma watsa darasi daban, koyonsa daban.

4.0 Kwamfuta da Wayar Salula

A wata cibiyar horar da malamai da muka ziyarta, mun tarar da ɗakin kwamfuta a kulle, na'urorin an lulluɓe su da ƙyalle. Babu wuta, babu kuɗin man janareta, jami'in da ke riƙe da makulli kuma yana tsoron kada wani abu ya lalace a hannunsa. A kan takarda, wannan cibiya tana cikin waɗanda aka wadata da kayan zamani. Ga inda ƙirga na'ura yake yaudarar mai tsara manufa.

Ko inda ake da wuta, akwai matsalar abin da ake koyarwa. Yawancin bitocin da muka duba sun tsaya ne ga kunna kwamfuta da buga takarda. Malami yakan koma ajinsa da takardar shaida, bai san yadda zai yi amfani da na'urar wajen koyar da ginin jimla ko auna fahimta ba. Wayar salula ta fi kwamfuta kusa da malami, tunda tana aljihunsa, amma akasarin darussan horarwa da ake turawa ta cikinta da Turanci suke. Malamin Hausa yana karɓar dabarun koyar da wani harshe, a bar shi ya yi wa kansa fassara.

5.0 Matsalar Ƙa'idojin Rubutu

Wannan ɓangare shi ya fi shafarmu. Tun shekarun 1930 aka shigar da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko. A yau ana iya rubuta su a kwamfuta da waya, amma sai an saka tsarin madannai na Hausa, abin da ba a cika koya wa malamai a wajen bita ba. Sakamakon haka sai malami ya buga wa ɗalibansa darasi, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ƙare ya koma kare. Ƙwararren makaranci yana gane abin da ake nufi daga jimla. Dattijon da yake haɗa baƙi da wasali a karon farko ba shi da wannan gata, abin da ya gani shi zai furta. Haka nan rubutun saƙonnin waya ya yaɗa haɗe kalmomin da ya kamata a raba, kamar rubuta "yazo" maimakon "ya zo". Na'urar da aka kawo don gyara tana iya ƙara ɓarna idan ba a kula ba.

6.0 Shawarwari

Da farko, a sauya ma'aunin tantancewa. A gwada mai koyo kafin shiri da bayansa, a sake gwada shi bayan wata shida, a ga ko zai iya karanta takardar magani ko rubuta lissafin cinikinsa. Malami kuwa a bi shi aji a kalli koyarwarsa.

Na biyu, kada a sayi na'ura sai an ware kuɗin wuta da gyara da alawus ɗin jagora a cikin kasafi guda.

Na uku, a sanya buga Hausa bisa daidaitacciyar ƙa'ida cikin manhajar kwalejojin ilimi, ya zama kwas na tilas ga duk mai nazarin Hausa, a kuma jarraba shi a aikace.

Na huɗu, a rubuta darussan horarwa da Hausa tun asali, malaman harshen su yi aikin, a gwada su a aji kafin a yaɗa.

7.0 Kammalawa

Ba mu adawa da na'ura. Abin da tarihi ya nuna daga zamanin majigi zuwa yau shi ne, tana amfani ne idan ta tarar da malami horarre da littafi a harshen mai koyo. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, tayi mai. Muna kira ga masu tsara manhaja da su fara da tambayar abin da suke so ɗalibi ya iya, sa'annan su zaɓi na'urar da za ta kai shi can, ko da rediyo ce mai batir biyu.