Jinjina ga Masu Riƙon Amanar Ɗalibai

Yaron da ya taso daga Baure da akwatinsa da ƙullin garin kwaki, ya sauka a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, hannun ma'aikacin sashen harkokin ɗalibai yake fara faɗawa. Shi zai nuna masa ɗakin kwana, ya raba faɗan bakin famfo, ya bi shi asibiti cikin dare in zazzaɓi ya kayar da shi. In yaron ya kammala karatu, shi zai tantance sunansa kafin a tura wa NYSC, don kuskuren baƙi ɗaya kan jinkirta bautar ƙasa.

Irin wannan haƙurin koyonsa ake yi, shi ya sa sababbin ma'aikatan da ke zuwa taron bita suke burge ni ƙwarai. Ana tashi shan shayi sai su kewaye dattijon da ya daɗe a jami'ar da ke Samaru ko Jami'ar Bayero, biro a hannu, suna tambayar yadda ake sanar da iyaye rasuwar ɗansu. Shi kuwa ya ajiye kofinsa, ya gyara zama, ya fara musu tun daga sallama.