Gwanin da Ke Shiga Kwamfutar da Bai Taɓa Gani Ba

Yawancin sabobin da ke ɗauke da shafukan intanet ba su da allo, ba su da madannai. Suna can jere a ɗakuna masu sanyi, mai kula da su kuwa yana iya zama a wata nahiya. Da wata manhaja mai suna SSH yake shigarsu.

Tatu Ylonen ne ya ƙirƙiro ta a 1995 a Jami'ar Fasaha ta Helsinki, bayan ɓarayi sun yi ta tsintar kalmomin sirri a layin sadarwar jami'ar. Telnet da ake amfani da ita a lokacin a fili take aika komai. Ylonen ya nema wa SSH ƙofa mai lamba 22 aka ba shi, tsakanin 21 ta FTP da 23 ta telnet. A 1999 masu OpenBSD suka fitar da OpenSSH kyauta, ita ce kuma a kan galibin sabobi har yau.

Sanya manhajar ba wani aiki ba ne, layi ɗaya ya isa. Gwaninta tana cikin abin da ya biyo baya.

Da zarar an buɗe ƙofar, kwamfutocin ɓarayi sun fara ƙwanƙwasawa, ba dare ba rana, suna cankar kalmar sirri. Shi ya sa gwani ke ƙera mabuɗai biyu: na sirri ya zauna a kwamfutarsa, na fili ya ajiye a saba. Sannan ya buɗe fayil ɗin sshd_config, ya haramta shiga da sunan root, wato babban mai iko a sabar, ya kashe shiga da kalmar sirri ɗungurungum. Mai canka ya yi ta canka.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin da yake bi. Ba zai kashe kalmar sirri ba sai ya gwada mabuɗin ya ga ya buɗe. Ya buga sshd -t don kama kuskuren rubutu. Ya sake tayar da manhajar, amma tagar da ya fara shiga da ita tana nan a buɗe. Sai ya shiga ta sabuwar taga lafiya kafin ya rufe waccan. Wanda ya yi gaggawa a nan ya kulle kansa a waje, saba kuwa tana bayan teku.

Irin wannan sa ido ya taɓa yin rana. A watan Maris na 2024, injiniya Andres Freund ya lura shiga ta SSH tana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da wani ne, da ya ɗora wa intanet laifi ya wuce. Shi ya bi diddigi har ya tono wata ɓoyayyar hanyar kutse da aka dasa cikin manhajar xz, tun kafin ta isa manyan sigogin Linux da yawancin sabobi ke aiki da su.