Hannu da Salo: Tsokaci a kan Zanen Uche Okeke da Launin Yusuf Grillo

In Bahaushe ya ga ɗinkin hula, ko adon bango a Birnin Damagaram, yakan ce «wannan hannun wane ne». Da wuya ya ce salonsa ne. Kalmar «salo» ta fi kusa da yayi, abin da jama'a ke ɗauka su yar. «Hannu» kuwa na mutum guda ne, ko da dagin da ya zana kowa na zana shi. Da wannan bambanci za mu auna aikin masu zane biyu na Najeriya, domin shawarar da ake yawan bai wa matasanmu, wai su koma ga al'ada su samo hannunsu, rabin darasin waɗannan mutane kawai ta ɗauko.

A shekarar 1958 wasu ɗalibai na kwalejin fasaha ta Zariya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya. Koyarwar da suke samu ta Ingila ce tsantsa: auna jikin mutum, haske da inuwa, nisa da kusa. Ba su yi watsi da ita ba. Abin da Okeke ya yi kira gare shi a 1960 shi ne a haɗa ta da gadon gida (synthèse naturelle).

Gadon da Okeke ya ɗauka shi ne uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Mahaifiyarsa ta san shi. Uli layi ne siriri mai lanƙwasa, ana ja shi a tashi ɗaya, ba a gogewa, kuma filin da aka bari fari yana da nauyi daidai da wanda aka zana. Wanda ya duba jerin zanensa na alƙalami da tawada mai suna Oja Suite (1962) zai lura cewa alamomin uli ɗin kansu ba su ne suka cika takarda ba. Abin da ya rage shi ne tafiyar layin: ya murɗe ya zama ido, ya miƙe ya zama wuya, sai ya tsaya cak ya bar mai kallo ya ƙarasa fuskar. A bakin masu nazarin harshe sai mu ce nahawun ya ɗauka, ya bar kalmomin. Saussure ya bambanta harshe (langue), wanda na jama'a ne, da furuci (parole), wanda na mai magana ne. Uli harshe ne na matan ƙauye, abin da ke kan takardar nan kuwa furucin Okeke ne, kuma da alƙalamin bature aka yi shi.

Matsalar ta ɓullo daga baya. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Okeke ya koma jami'ar Nsukka, uli ya shiga manhaja. To, abin da ya zama darasi ya zama ƙa'ida. A ganinmu, da yawa daga zanen da ya biyo baya jera alamomi ne, murɗaɗɗen layi nan, jinjirin wata can, kamar ɗalibin da ya cika jimla da karin magana don a ce ya iya Hausa. Obiora Udechukwu ya kuɓuta daga wannan ne saboda yana da abin faɗa, wato yaƙi da yunwa da gudun hijira da ya gani, har ya ƙaro alamomin nsibidi da dabarun tawadar Sin da layin ya kasa masa.

Grillo (1934-2021) ta launi ya bi. An san shi da shuɗi, kuma ana yawan danganta shi da rinin baba na tufafin Yarabawa. Wannan bayani ya yi mana sauƙi da yawa. Marina ko'ina akwai su, daga Abeokuta har Kano, amma shuɗin Grillo bai tsaya a kan tufa ba: ya hau fata, ya hau iska, ya gauraya da shunayya, sa'an nan aka yanka shi gida-gida da layuka masu kusurwa, irin na tagogin gilashi masu launi da ya yi wa majami'u. Ƙuntata kansa da ya yi ga launuka kaɗan shi ya tilasta masa neman bambanci cikin shuɗin kansa, mai duhu da mai haske, mai sanyi da mai ɗumi. (Hausa ma a nan takan gaza: daga «shuɗi» sai mu ce «shuɗi-shuɗi» ko mu aro «bula».) Inda muke da ja da shi shi ne fuskoki. Matansa dogaye ne masu kyan tsayuwa, amma sau da yawa fuska ɗaya ce, mai kama da sassaƙen itace, ta yadda mai tallar kasuwa da amarya ba su bambanta sai ta ɗaurin kallabi.